Fashin Baƙi: Yadda ake kafa rariyar kalmomi don tace saƙonnin banza, da inda rubutun Hausa ke ba ta wahala

Da wuya a sami mai wayar salula ko akwatin imel a Najeriya da bai taɓa karɓar saƙon da ke cewa an rufe masa lambar BVN ba, ko ya ci kyautar gasar da bai shiga ba, ko kuma ana raba tallafin gwamnati ga duk wanda ya yi saurin latsa wani adireshin intanet. Ga mutum ɗaya, abin bai wuce tsaki da share saƙo ba. Amma ga makaranta, asibiti, ƙungiyar adashi ko kantin da ke karɓar saƙonnin jama'a masu yawa a kullum, tarin wannan shara yana binne saƙon da ake jira, kuma a cikinsa ne 'yan damfara ke ɓoye ƙugiyarsu.

Suleja ta Jihar Neja tana cikin garuruwan da suka fi jin wannan a jika. Garin, wanda shi ne ake kira Abuja kafin babban birnin tarayya ya karɓi sunan bayan dokar da ta kafa shi a 1976, ya zama mazaunin ɗimbin ma'aikata da 'yan kasuwa da ke kwana a nan su yi sammako zuwa Abuja. Daga Kasuwar IBB zuwa unguwannin cikin gari irin su Wambai, Magajiya da Kurmin Sarki, ciniki mai yawa ya koma ta waya, musamman tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 da ya tilasta wa jama'a tura kuɗi ta banki da amfani da na'urar POS. Mai sayar da kayan gini yana jiran odar ɗan kwangila, shugaban makarantar Islamiyya yana jiran saƙon iyayen yara, kuma saƙonnin suna zuwa da Hausa, da Turanci, da Turancin buroka, sau da yawa a cakuɗe cikin jimla guda.

Hanya mafi sauƙi da arha ta rage wannan shara ita ce tacewa da kalmomi. Ta daɗe ana amfani da ita, tana da amfani, amma idan aka kafa ta ba tare da la'akari da yadda Hausawa ke rubutu ba, takan jefar da saƙon kirki ta bar na ɗan damfara ya wuce.

Yadda rariyar take aiki

Tsarin bai da wuyar fahimta. Mai akwatin saƙo yana rubuta jerin kalmomi ko jimloli, sannan ya gaya wa manhaja abin da za ta yi da duk saƙon da ya ƙunshi ɗaya daga cikinsu: ta share shi, ta kai shi wani akwati na daban, ko ta yi masa alama. Manhajar ba ta fahimtar ma'anar saƙon. Haruffa kawai take kwatantawa, kamar mai gadin da bai iya karatu ba amma aka ba shi hoton wasu kalmomi aka ce ya tare duk takardar da ya ga irinsu a jiki.

Matsalar da aka ƙirƙiro ta don magancewa ta girmi yawancin masu amfani da waya a yau. A ranar 3 ga Mayun 1978, wani jami'in tallace-tallace na kamfanin Digital Equipment Corporation a Amurka mai suna Gary Thuerk ya aika tallan sabuwar kwamfuta ga mutum kusan 400 a kan ARPANET, hanyar sadarwar da ta haifi intanet. Ana ɗaukar wannan a matsayin saƙon talla na farko da aka watsa wa mutane ba da izininsu ba. Da intanet ta buɗe ga kowa a shekarun 1990, abin ya zama ambaliya, kuma martanin farko na kamfanoni shi ne jerin kalmomin haramci.

Tun a lokacin aka ga inda gizo ke saƙa. A watan Afrilun 1996, kamfanin AOL ya hana mazauna garin Scunthorpe na Ingila buɗe asusu, saboda wasu haruffa huɗu da ke tsakiyar sunan garin sun yi daidai da wata kalmar batsa ta Turanci. Har yau masana kwamfuta suna kiran irin wannan kuskure da sunan garin. Daga baya, rariyoyin da aka ɗora wa tare tallan maganin Cialis suka riƙa tare takardun neman aiki, domin sunan maganin yana ɓoye cikin kalmar Turanci ta ƙwararre, wato specialist. A farkon 2003, sabuwar rariyar imel ta Majalisar Dokokin Birtaniya ta tare saƙonnin da ke tattauna wani ƙudurin doka kan laifukan jima'i da ke gaban majalisar kanta, ta kuma tare wasu saƙonni da aka rubuta da harshen Welsh saboda ba ta san harshen ba. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi kusa da halin da mai rubutu da Hausa yake ciki.

Kalma a cikin kalma

A ɗauki misalin wata makaranta a Wambai da tallan caca, na giya da na manhajojin bayar da bashi suka dame ta a akwatin imel. Abin da zai fara zuwa wa mai kula da akwatin a rai shi ne ya rubuta kalmomi kamar caca, giya, bashi, riba, kudi da zina, ya ce a share duk saƙon da ya ƙunshe su. Idan manhajar tana neman jerin haruffa a ko'ina cikin saƙo, ga abin da zai biyo baya.

Kalmar giya tana cikin igiya, magiya da ƙugiya. Mahaifiyar da ta rubuto tana magiya a ƙara mata lokacin biyan kuɗin makaranta, saƙonta ya tafi kwandon shara. Kalmar caca tana cikin cacar baki. Zina tana cikin zinare da zinariya, don haka mai sayar da kayan lefe da ya sa wannan kalma a jerinsa ya toshe wa kansa kasuwa. Kudi, idan aka rubuta ta ba ƙugiya, tana cikin kudiri da sunan Kudirat. Riba tana farkon sunan Ribadu, wato rariyar da aka kafa don tare masu alkawarin ribar ƙarya za ta tare labarin da ya ambaci shugaban hukumar EFCC na farko. Akwai ma wata kalmar batsa mai haruffa huɗu da ta yi daidai a rubuce da sunan al'ummar Bura ta kudancin Jihar Borno, kuma ita ce farkon sunan garin Buratai.

Mafi haɗari a cikinsu ita ce bashi. Tana cikin sunan Bashir da Bashiru, sunayen da da wuya a sami ajin da babu mai ɗauke da ɗaya. Sannan jama'a da yawa suna haɗe kalmomi biyu na ba shi su rubuta su a dunƙule. Uban da ya aiko da saƙo cewa yaronsa "bashi da lafiya" ba zai zo makaranta ba, a idon manhaja daidai yake da kamfanin da ke tallan rance.

Ana iya cewa maganin wannan shi ne a umarci manhajar ta nemi cikakkiyar kalma kawai, wadda ke tsaye ita kaɗai tsakanin fili biyu. Haka rariyar Gmail take yi a galibi. Wannan yana kuɓutar da igiya da Bashir, amma sai an yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin kalmar Hausa ba ta cika tsayawa a siffa ɗaya ba. Kuɗi yana zama kuɗin, kuɗinka, kuɗinki, kuɗinku, kuɗaɗe da kuɗaɗen. Lamba tana zama lambar, lambarka da lambobi. Asusu yana zama asusun, asusunka da asusai. Ɗan damfara ba ya rubuta asusu tsirara. Asusunka yake cewa an rufe. Rariyar da ta san kalmar asali kaɗai ba za ta gan shi ba.

Ƙugiya da karin sauti

Matsala ta biyu daga haruffa masu ƙugiya take. Ɓ, ɗ da ƙ sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, amma mafi yawan masu rubutu a waya ba sa amfani da su. A wurin kwamfuta, ɗ da d haruffa biyu ne da ba su da dangantaka, kowanne da lambarsa a tsarin Unicode. Saboda haka kuɗi, kudi, kud'i da ku'di kalmomi huɗu ne daban a idonta. Haka 'yan, da yan, da ƴan kamar yadda ake rubutawa a Jamhuriyar Nijar. Ita kanta alamar da ke gaban y tana zuwa a miƙe ko a lanƙwashe, gwargwadon wayar da aka yi rubutun da ita.

Akwai dalilin kuɗi da ya sa ƙugiya ta yi ƙaranci a gajeren saƙon waya. Saƙon SMS ɗaya yana ɗaukar haruffa 160 idan duka na tsarin GSM na asali ne. Da zarar an saka harafi ɗaya da ba ya cikin wannan tsari, kamar ƙ ko ɗ, saƙon yana komawa wani tsari da ke ɗaukar haruffa 70 kacal. Mai aika saƙo ga dubban mutane, na kirki ne ko ɗan damfara, ba zai so ya biya ninki biyu ko uku saboda ƙugiya ba. Wanda ya rubuta jerin kalmominsa da ingantacciyar Hausa kaɗai, to ya kafa tarko a hanyar da ɓera ba ya bi.

Idan kuma aka cire ƙugiyar, kalmomi daban-daban sai su haɗe. Baki na magana, baƙi na launi da baƙi masu ziyara duk su zama baki. Ƙari a kan haka, rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa gari na zama da gari na tuwo suke kama ɗaya a takarda, haka wuya ta jiki da wuya ta wahala. Wanda ya sa kashi a jerin kalmomin ƙazanta ya tare duk saƙon da ya ce kashi 20 cikin 100, ya tare na likitan da ke magana a kan ƙashi, ya tare na malamin da ya raba jarrabawa kashi biyu. Ɗan Adam yana gane wadda ake nufi daga kalmomin da ke kewaye da ita. Rariyar kalma ɗaya ba ta da wannan basira.

Su ma masu aika sharar ba a zaune suke ba. Suna sauya harafin o da sifili, su sa 1 a madadin i, su raba haruffa da ɗigo ko fili, ko su ari harafi daga rubutun Rasha wanda a ido bai da bambanci da a ko e na boko amma lambarsa daban. Wasu suna rubuta saƙon gaba ɗaya a jikin hoto, inda babu harafin da manhaja mai sauƙi za ta karanta.

Daga haramci zuwa maki

Saboda irin waɗannan matsaloli ne aka bar tsarin da kalma ɗaya ke yanke wa saƙo hukunci. Manhajar SpamAssassin, wadda Justin Mason ya fara fitarwa a 2001 kuma har yau kamfanonin da ke ajiye wa ƙungiyoyi akwatunan imel suke amfani da ita, tana bin saƙo da gwaje-gwaje masu yawa, kowanne da makinsa. Sai jimillar makin ta kai 5, a tsarin da take zuwa da shi, kafin a ɗauki saƙon a matsayin shara. Wasu gwaje-gwajen ma rage maki suke yi.

Akwai abin da ya shafi Najeriya kai tsaye a tarihin wannan manhaja. Shekaru da dama tana ɗauke da ƙa'idojin da aka laƙaba wa sunan ƙasar, saboda yawan wasiƙun damfarar da duniya ta sani da 419, lambar sashen dokar manyan laifuka da ya haramta karɓar dukiya ta hanyar yaudara. Daga baya aka sauya wa ƙa'idojin suna. Illar ta faɗa kan 'yan kasuwa da ɗalibai masu gaskiya, waɗanda wasiƙunsu zuwa ƙasashen waje suka riƙa ƙunsar kalmomi irin su banki, miliyan, Legas da tura kuɗi. A 2012 wani mai bincike na kamfanin Microsoft, Cormac Herley, ya kawo hujjar cewa 'yan damfarar da gangan suke barin labarinsu ya zama mai wuyar gaskatawa, har da ambaton Najeriya, domin masu wayo su watsar tun farko, a bar musu waɗanda suka fi saurin yarda. Ke nan shi ma ɗan damfara rariya yake amfani da ita, sai dai tasa mutane take tacewa.

Babban sauyi ya zo a watan Agustan 2002, lokacin da masanin manhaja Paul Graham ya wallafa wata maƙala da ta yaɗa amfani da lissafin yiwuwa na Thomas Bayes, malamin coci ɗan Ingila da ya rasu a 1761. A wannan tsari, ba mutum ne ke zaɓar kalmomin ba. Ana ba manhaja tulin saƙonnin kirki da tulin na banza, ta ƙirga sau nawa kowace kalma ta fito a kowane ɓangare, ta fitar wa kowacce nauyinta. Graham ya ba da rahoton cewa rariyarsa tana kuskuren barin ƙasa da saƙon banza 5 cikin 1,000. Ya kuma gano cewa lambar da ake rubutawa don sa rubutu ya zama ja jawur tana tona asirin saƙon banza kamar yadda kalmomin batsa ke yi, abin da mai rubuta jeri da hannu ba zai taɓa tunaninsa ba.

Manyan kamfanoni sun wuce nan. Google yana cewa Gmail na tare fiye da kashi 99.9 cikin 100 na saƙonnin banza da na yaudara. Sai dai duk tsarin da ke koyo daga misalai ƙarfinsa gwargwadon misalan da ya gani ne, kuma rubutun Hausa da ke hannun irin waɗannan kamfanoni bai kama ƙafar na Turanci ba. Masu bincike na ƙungiyoyin Masakhane da HausaNLP, ciki har da malaman Jami'ar Bayero ta Kano, suna tattara rubutun Hausa da aka tantance domin cike wannan giɓi. Kafin aikin ya kai ko'ina, ƙaramar ƙungiya a Suleja tana bukatar jerinta na gida a kan abin da kamfanin ya riga ya tace.

Yadda ya kamata a kafa ta

Aikin yana farawa ne da tattara shara, ba da rubuta kalmomi daga ka ba. A ajiye saƙonnin banzan da suka shigo na tsawon makonni biyu ko uku, a karanta su tare da na kirki da suka shigo a daidai wannan lokaci. Abin nema shi ne abin da ke maimaituwa a ɓangare ɗaya kuma babu shi a ɗayan. Kalmar kyauta, alal misali, tana yawan fitowa a saƙon damfara, amma tana fitowa a saƙon mai son ba marayu kyauta, don haka ita kaɗai ba shaida ba ce. Haka tallafi, rijista da gaggawa.

Jimla ta fi kalma aminci. Turo lambar sirri, an rufe asusunka, ka yi nasarar cin, latsa nan, riba ninki biyu: waɗannan da wuya su fito a saƙon uba ko na abokin ciniki. Kowace jimla a rubuta ta da ƙugiya da kuma ba ƙugiya, da siffar namiji, ta mace da ta jam'i, sannan da takwararta ta Turanci, tunda yawancin saƙonnin damfara a Najeriya da Turanci suke zuwa ko a gauraye. A Gmail ana sa jimla tsakanin alamun zance domin a neme ta a dunƙule, ana haɗa siffofi daban-daban da kalmar OR, ana kuma sa alamar ɗebewa a gaban kalmar da ake son ta kuɓutar da saƙo. Wanda ke da ikon gyara manhajar da kansa, mafi alheri ya sa ta fara maida duk haruffa ƙanana, ta cire ƙugiya, ta daidaita alamun ɗauri, kafin ta fara kwatantawa. Da haka siffa ɗaya ta wadatar a jeri.

Inda manhaja ta ba da damar maki, a yi amfani da shi. Misali, ambaton BVN ko NIN ya ci maki 2, neman lambar sirri ya ci 3, gajeren adireshin intanet da ba a san inda ya nufa ba ya ci 2, rubutu da manyan haruffa zalla ya ci 1, sannan a sa iyaka a 5. Saƙon uban da ya ce ya kawo takardar NIN ta ɗansa zai tsaya a maki 2 ya wuce lafiya. Wanda ya haɗa NIN da neman lambar sirri ya kai iyaka. Lambobin nan biyu sun cancanci kulawa ta musamman, domin tun da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da BVN a Fabrairun 2014, da kuma umarnin haɗa layukan waya da NIN a Disambar 2020, barazanar rufe asusu ko layi ta zama babban makamin masu yaudara.

Dole kuma a sami jerin amintattu, wato adireshi da lambobin da saƙonsu zai wuce ko me ya ƙunsa: banki, iyayen yara, dillalai, hukumomin jarrabawa. Makarantar da ta haramta kalmar rance ta Turanci ba tare da wannan jeri ba tana iya tare sanarwar gaskiya daga asusun ba ɗalibai rance na NELFUND da ya fara aiki a 2024.

Mafi muhimmanci a cikin duk matakan shi ne kada a umarci rariya ta share saƙo. A sa ta killace shi a akwati na daban. Kurakuran biyu ba nauyinsu ɗaya ba: saƙon banza da ya kuɓuce ya shigo yana cin daƙiƙa biyu a share shi, amma odar buhun siminti 200 da ta ɓace, ko saƙon cewa an kwantar da ɗalibi a asibiti, ba a san ma an rasa su ba sai bayan ɓarna ta auku. A ɗora wa mutum ɗaya alhakin leƙa akwatin killacewa a kowace rana ko aƙalla sau biyu a mako, yana ciro na kirki yana gyara jerin. Gmail yana share abin da ya kwana 30 a akwatin shara da kansa, don haka wanda ya bari sai ƙarshen zangon karatu ya makara.

Jerin kuma yana tsufa. Kalmomin da suka yi tashe lokacin MMM, wadda ta daskarar da kuɗin jama'a a Disambar 2016, ba su ne na zamanin CBEX da ta rushe a Afrilun 2025 ba. Lokacin aikin Hajji yana zuwa da nasa salon yaudara, haka lokacin ɗaukar ma'aikata, azumi da rabon tallafi.

Abin da rariya ba ta iya kamawa

Akwai nau'in damfara da ya fi ƙarfin kowane jerin kalmomi, kuma shi ne ya fi cutar da masu shaguna da masu POS: alat na bogi. Saƙon da ke nuna an turo kuɗi alhali ba a turo ba an kwaikwaye shi ne daga na banki harafi da harafi. Duk kalmar da za ta tare shi za ta tare na gaskiya. Maganinsa ɗaya ne, a duba ragowar kuɗin asusu ta manhajar banki ko ta lambar USSD kafin a miƙa kaya.

WhatsApp ma yana wajen wannan tsari. Tun Afrilun 2016 saƙonninsa a kulle suke daga mai aikawa zuwa mai karɓa, kamfanin da kansa ba ya karanta su, saboda haka yana dogara ne ga ƙorafin masu amfani da kuma take-taken lambar da ke aika saƙo barkatai. Wannan ne ya sa ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda daga Janairun 2019. Saƙon murya, wanda Hausawa da yawa suka fi sakewa da shi fiye da rubutu, da rubutun ajami da ake ɗauka a hoto, babu rariyar haruffan boko da ke ganin su. Manhajoji irin su Truecaller suna taimakawa ta wata fuska, domin suna duba lambar da jama'a suka yi ƙorafi a kanta maimakon abin da ta rubuto.

Inda doka ta tsaya

Sashe na 32 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya tanadi ɗaurin shekara uku ko tarar Naira miliyan ɗaya, ko duka biyun, ga wanda ya yi sojan gona ta saƙo domin karɓar bayanan sirrin mutane, haka ma wanda ya yi ambaliyar saƙonni da nufin dagula aikin kwamfuta. Dokar Kare Bayanan Jama'a da aka sanya wa hannu a Yunin 2023 ta ba mutum ikon hana a yi amfani da bayanansa wajen aiko masa da talla. Wannan doka ta shafi mai tacewa shi ma: ma'aikacin da aka ɗora wa duba akwatin killacewa yana karanta saƙonnin mutane ne, amana ce a hannunsa. Hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC kuma ta fara ɗaukar mataki a 2022 a kan manhajojin bashi da ke aika saƙonnin tozarci ga 'yan uwa da abokan wanda ake bi.

Ga tallan da ke zuwa ta layin waya, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta samar da lambar 2442 tun ranar 1 ga Yulin 2016. Wanda ya aika kalmar STOP zuwa wannan lamba ya rufe ƙofar tallace-tallace gaba ɗaya, wanda ya aika HELP zai ga rukunonin da zai zaɓi waɗanda yake so su ci gaba da zuwa. Idan kamfanin layi bai saurari ƙorafi ba, ana kiran hukumar kyauta a 622. Tsarin bai shafi ɗan damfarar da ke aikawa daga layinsa na kansa ba, kuma yana da tasa illar: sanarwar da makaranta ko ƙungiya ta aika wa mambobinta ta hanyar kamfanonin tura saƙo da yawa, idan ta bi layin talla, ba ta isa ga lambobin da suka rufe ƙofar. Makarantar da ke sanar da iyaye ranar komawa hutu ta wannan hanya ya kamata ta tambayi kamfanin da take hulɗa da shi ko saƙonninta suna bin layin sanarwa ne ko na talla, sannan ta gwada da lambar wani malami da ya riga ya aika STOP kafin ta tura wa kowa.